Wata 18 ana neman ma'aunin zafi a cikin amsa-kuwwa: nazarin wani sashen ƙona ƙarin mahaifa da sauti

Sashen da aikinsa

Sashen da wannan nazari ya shafa yana cikin wani asibitin koyarwa, kuma aikinsa ɗaya ne: ƙona ƙarin mahaifa ba tare da an tsaga ciki ba. Hanyar da ake bi ita ce wadda aka fi sani da HIFU. Wani faifai mai lanƙwasa, nutse cikin ruwan da aka cire wa iska, shi ke aika sautin da kunne ba ya ji, kimanin megahaz 1, wato girgiza miliyan ɗaya a sakan. Sautin ya ratsa fata da kitse da tsokar ciki, ya je ya tattaru a wuri guda cikin ƙarin. Wannan wuri, wato matattara, faɗinsa milimita 1 zuwa 3 ne, tsawonsa kuwa kusan milimita 10. A nan kaɗai ƙarfin sautin ke isa ya ɗaga zafi daga digiri 37 na jiki zuwa sama da 60 cikin 'yan sakanni. A ƙona ɗigo ɗaya, a matsa, a ƙona na kusa da shi, har a cinye abin da aka yi niyya.

Dabarar ta daɗe. Tun 1942 John Lynn da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa sauti mai tattaruwa na iya ƙona nama a can ciki, ya bar na sama lafiya. A shekarun 1950 William da Francis Fry na Jami'ar Illinois suka kai ta ga aikin ƙwaƙwalwa. Abin da ya riƙe ta tsawon shekaru shi ne mai aikin ba ya ganin abin da yake ƙonawa. Daga baya hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, wadda ke iya zana taswirar zafi ana cikin aiki. A kanta aka gina na'urar ExAblate, da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita don ƙarin mahaifa a 2004. Ɗayar ta bi sikanin na yau da kullum, kamar na'urorin da aka fara jinya da su a Chongqing ta ƙasar Sin a ƙarshen shekarun 1990. Na'urar wannan sashe ta hanya ta biyu ce: a tsakiyar faifan jinya an dasa kan sikanin mai megahaz 3.5, yana kallon inda faifan ke harbi.

Mutum biyar ne a aikin: likitar mata, likitar hoto, masanin fiziks, injiniya da nas. Ana ƙidayar watanni a nan daga watan da aka fara rubuta matsalar a littafin sashen.

Wata na 1: fari a allo, jini a ƙari

Ƙa'idar aiki a lokacin ba ta da wuya. A harba, a kalli allo. Idan wurin ya yi fari fat, an ƙona, a wuce gaba. Idan bai yi ba, a ƙara ƙarfi.

An yi wa wata mata aiki a kan ƙari ɗaya mai faɗin santimita 7. Farin ya fito da wuri, ya bazu, aka tashi ana ganin an gama. Washegari aka ga ɗan bororo a fatar mararta. Da aka ɗauki hoton MRI da allurar haska jini, sai ga rabin ƙarin na gaba, mai kusa da bangon ciki, ya mutu, rabin baya kuwa jini na gudana a cikinsa kamar ba a taɓa shi ba. Likitar hoto ta koma kan tsofaffin fayiloli, ta sami irin wannan a wasu, ta kuma sami kishiyarsa: inda allo bai nuna komai ba, aka yi ta ƙara ƙarfi, daga baya hoto ya nuna ƙunar ta zarce iyakar da aka shata.

Bayanin da masanin fiziks ya kawo shi ne farin nan ba zafi ba ne, kumfa ce. Ko dai ruwan cikin nama ya kai kusan digiri 100 ya tafasa, ko kuma jan da sautin ke yi ya fizgo iskar da ta narke a cikinsa. Nama kuwa yana mutuwa tun kafin nan da nisa. Lissafin da Sapareto da Dewey suka fitar a 1984, wanda har yau ake aiki da shi, yana auna ɓarnar zafi da mintocin da nama ya yi a digiri 43, kuma an saba ɗaukar minti 240 a matsayin iyakar mutuwa. Daga 43 zuwa sama, kowane digiri ɗaya yana rage lokacin da rabi: minti 120 a digiri 44, ƙasa da minti 2 a digiri 50, ƙasa da sakan 2 a digiri 56. Ke nan tsakanin 56 da 100 akwai fili mai faɗi inda nama ya riga ya mutu amma allo na iya yin shiru.

Kumfar ma ba alama ce kawai ba, tana sauya aikin. Tana tare sauti, ta mayar da shi baya, sai abin da ke bayanta ya tsira, zafi kuma ya taru a gabanta ya riƙa tahowa wajen fata. Abin da ya sami matar ke nan.

MRI na iya auna zafi, amma na'urar sashen ba ta shiga ɗakin MRI saboda ƙarafan jikinta. Masanin fiziks ya ba da shawarar a gwada ciro ma'aunin zafi daga sikanin ɗin da ake da shi.

Wata na 2 zuwa na 4: naman kwaikwayo

Tushen dabarar shi ne gudun sauti a cikin nama yana sauyawa da zafi. Na'urar sikanin tana lissafin zurfi ne bisa ɗaukar cewa sauti na tafiya mita 1540 a sakan ko'ina a jiki. A nama mai ruwa, kamar tsoka ko hanta, kowane digiri ɗaya a kusa da zafin jiki yana ƙara kimanin mita 1 a kan wannan gudu. Idan wani wuri ya ɗumama, amsa-kuwwar da ta ratsa ta cikinsa za ta dawo da wuri kaɗan, sai na'urar ta ɗauka abin da ke bayan wurin ya matso kusa, alhali bai motsa ba. A kwatanta hoton kafin ɗumi da na bayansa, a auna wannan matsowa layi-layi, a duba inda take ƙaruwa, an sami inda zafin yake da kimanin yawansa. Ralf Seip da Emad Ebbini sun wallafa aiki a kan auna zafi da sikanin a 1995 daga Jami'ar Michigan, a 1998 kuma Claudio Simon da Philip VanBaren da Ebbini suka fitar da taswira mai faɗi da tsawo.

Abin da ake aunawa ƙarami ne ƙwarai. A ce matattara mai tsawon milimita 10 ta hau da digiri 5. Gudun sauti ya ƙaru da mita 5 cikin 1540, wato kusan kashi 0.3 cikin 100, matsowar kuma ta zama kimanin maikiromita 32 (maikiromita 1000 ne milimita 1). Bai kai kaurin gashin kai ɗaya ba. Tsawon igiyar sautin sikanin ɗin kanta maikiromita 440 ne. Hoton da ke fitowa a allo an riga an goge shi an matse shi, irin wannan ƙanƙanin bambanci ya ɓace a cikinsa. Sai da injiniya ya sami izinin buɗe na'urar ta fitar da ɗanyen sigina, kafin a sarrafa shi ya zama hoto.

Cikas biyu aka fara cin karo da su, duka na kayan aiki. Muddin faifan jinya na harbi, ƙararsa tana rufe sikanin ruf. Aka tsara ya riƙa tsayawa na 'yan milisakanni, a ɗauki hoto a cikin wannan shiru, ya ci gaba. Na biyun ya fi ɓata lokaci. Siririyar wayar auna zafi da aka soka a matattara don a sami abin kwatance ta riƙa nuna tsalle mai yawa a sakan na farko, wanda sikanin bai gani ba. An yi makonni ana zargin manhajar lissafi. Ashe laifin wayar ne: sauti na girgiza abin da ke kewaye da ita, gogayyar ta haifar da ƙarin zafi a jikin wayar kanta, abin da 'yan'uwan Fry suka bayyana tun 1954. Aka koma karanta wayar bayan an kashe sauti, a bi saukar zafin a lissafa baya.

Gwajin an yi shi ne a kan daskararren jel mai haske da aka gauraya da furotin da ƙananan ƙwayoyi masu mayar da sauti. Amfaninsa shi ne yana yin fari idan furotin ɗin ya dahu, ido ya ga girman ƙunar. A cikin jel komai ya tafi daidai. Har zuwa hawan digiri 10, bambancin sikanin da waya bai wuce digiri 1 ba, taswirar kuma ta fito da siffar matattara sak. A ƙarshen wata na 4 sashen ya sa ran fara amfani da ita a kan marasa lafiya kafin shekara ta zagayo.

Wata na 5 zuwa na 8: nama na gaske

Aka koma kan hanta da tsokar dabba, sababbin yanka, an cire musu iska, an ajiye su cikin ruwa mai digiri 37. Daga 37 zuwa kusan 45 sakamakon ya yi kama da na jel. Daga nan abubuwa suka fara kwancewa, ta hanyoyi huɗu da sai a hankali aka iya raba su.

Na farko, ƙaruwar gudun sauti ba miƙaƙƙen layi ba ce. Tana raguwa yayin da zafi ke hawa, daga wajen digiri 50 ta kusa tsayawa cak, can gaba kuma ta fara sauka. Ko ruwa zalla haka yake: gudun sauti a cikinsa yana kaiwa ƙololuwa a digiri 74, sannan ya juya. A nama juyin na zuwa da wuri, kuma inda yake zuwa ya bambanta daga wannan yanki zuwa wancan. A aikace, waya na cewa 62, taswira na cewa 51 ta ƙi motsawa. Masanin fiziks ya gwada maye gurbin miƙaƙƙen layin da lanƙwasasshe wanda ya auna a ruwan ɗumi. Bai taimaka ba. Inda layin ya kwanta, digiri 55 da 65 kusan gudu ɗaya suke bayarwa, ba lissafin da zai raba su. Idan aka tuna cewa kuskuren digiri 5 yana nufin ninki 32 a lissafin ɓarna, an ga girman abin.

Na biyu, dabarar ta dogara ne da cewa ɗige-ɗigen da ke cikin hoto, waɗanda ake bin sawunsu, za su ci gaba da zama yadda suke, matsawa kawai za su yi. Nama idan ya dahu sai furotin ɗinsa ya dunƙule, ya kumbura nan ya tsuke can, ɗige-ɗigen su sauya kama gaba ɗaya. Manhajar ta nemi abin da ta gani a hoton baya ta rasa. Injiniya ya ƙara saurin ɗaukar hoto don kowane mataki ya zama ƙarami. Hakan ya ɗan tsawaita lokacin da ake iya bin sawun, amma ƙananan kurakuran kowane mataki suka riƙa taruwa. Da kumfa ta fito kuwa, magana ta ƙare.

Na uku shi ne kitse, kuma a nan sashen ya fi daɗewa. A kitse sauti na tafiya a hankali tun asali, kimanin mita 1450 zuwa 1470 a sakan, kuma ɗumi na ƙara rage masa gudu ne maimakon ƙara shi, raguwar ma ta fi ƙaruwar da ake gani a tsoka girma. Da aka ɗora faffaɗan kitse a kan tsoka don a kwaikwayi bangon ciki, taswira ta nuna wai kitsen ya yi sanyi, alhali waya na nuna yana ɗumama. A yankan da kitse ya ratsa tsoka, ɗaya na ja ɗaya na turawa, wani wuri sakamakon ya fito sifiri ana cikin ƙona shi. A nan MRI ma ba ta fi sosai ba, gaskiya: hanyarta ta auna zafi ta dogara da ruwa ne, ita ma kitse kusan ba ta ganin ɗuminsa. Sai dai ita ba ta juya alamar ta koma baya.

Na huɗu, wurin da ya ɗumama yana lanƙwasa igiyoyin sikanin da ke ratsa gefensa, sai a ga zane-zanen zafi da sanyi na ƙarya a bayan matattara. Wannan an rage shi ta hanyar ɗaukar hoto daga kusurwoyi da dama a haɗa.

An gwada wata hanya daban a wata na 8, wadda William Straube da Martin Arthur na Jami'ar Washington da ke St. Louis suka gabatar a 1994: a auna yadda ƙarfin amsa-kuwwar ke sauyawa da zafi, ba lokacin dawowarta ba. Ta nuna ana ɗumama, amma lambobin sun yi ta rawa daga yanki zuwa yanki, aka ajiye ta.

Wata na 9 zuwa na 11: jiki mai numfashi

Kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya ba da izinin a naɗi ɗanyen sigina yayin jinyar da aka saba yi, da yardar marasa lafiya, ba tare da an sauya komai a jinyar ba. Siginar farko da aka duba ba a ga alamar zafi a cikinta ba sam. Mahaifa ba ta motsi da numfashi kamar hanta, wadda ke hawa da sauka santimita 1 zuwa 2, amma ko milimita 1 ya ninka maikiromita 32 sau 30. Ga bugun jijiyoyin jini, ga mafitsara na cika a hankali tana tura mahaifa, ga motsin hanji, ga mai jinya da ta gaji da kwanciya rub da ciki ta ɗan gyara kafaɗa.

An fara da riƙe numfashi. Nas ce ta fara cewa ba zai yiwu ba, kuma haka ya kasance: mace da aka ba maganin kwantar da jiki ba za ta riƙe numfashi sau ɗaruruwa a zama ɗaya ba. Sai aka koma ɗaukar jerin hotuna na cikakken zagayen numfashi kafin harbi, ta yadda kowane sabon hoto za a kwatanta shi da takwaransa na daidai wannan gaɓa ta numfashi. Wannan ya magance motsi mai maimaituwa. Sauran kuma aka auna shi a gefen ƙarin inda sauti bai taɓa ba, aka debe. Da aka haɗa biyun, ana samun sigina mai tsabta na sakan 2 zuwa 3. Bayan haka ta gurɓace.

Wata na 12: taron bita

Masanin fiziks ya gabatar da abin da ya rage a hannu bayan wata 11. Dabarar tana aiki idan hawan zafi bai wuce 'yan digiri ba, idan lokacin gajere ne, idan kuma nama ba mai kitse ba ne. A cikin waɗannan iyakoki tana nuna inda zafi yake da kyau sosai, yawansa kuma da kimantawa. Sama da digiri 50, inda ake ainihin jinyar, ba ta da abin cewa. Ya ba da shawarar ko dai a rufe aikin, ko a nemi ƙarin shekara a gwada koya wa kwamfuta gane zafi daga tarin sigina.

Likitar hoto ta ce ita ba ta taɓa yanke shawara da lambar digiri ba, ko da za a ba ta. Abubuwan da take yankewa a kan tebur huɗu ne: shin matattara na inda alamar saiti da ke allo ta ce, wane ƙarfi za a sa, yaushe za a tsaya, kuma an gama ko da saura. Ta tambaya ko cikin huɗun nan akwai wanda sakan 3 da digiri 5 za su amsa. Masanin fiziks ya ce biyun farko. Ya kuma tuna cewa Naomi Miller da Jeffrey Bamber da Gail ter Haar na Cibiyar Binciken Kansa da ke Sutton a Ingila sun gwada irin wannan a farkon shekarun 2000: ɗan ɗumi mara ɓarna don a ga inda matattara ta sauka kafin a ƙona.

Aka amince a bi wannan hanya ta ɗan ɗumi kafin a ƙona.

Wata na 13 zuwa na 18: harbin gwaji

Sabon tsarin ya fara da harbi mai rauni na sakan 2, wanda ke ɗaga zafi da digiri 4 zuwa 5. Nama a digiri 42 na tsawon sakanni ba abin da zai same shi. Ana ɗaukar ɗanyen sigina kafin harbin, a cikinsa, da kuma 'yan sakanni bayansa.

Abu na farko da harbin gwajin ya fallasa shi ne sau da dama ɗumin ba ya sauka daidai kan alamar allo. Alamar ana zana ta ne bisa siffar faifan, kamar sauti na tafiya cikin ruwa zalla. Kitse da tsoka kuwa suna karkata shi, matattara ta goce da 'yan milimitoci, musamman ga mai kaurin bangon ciki. A tsakiyar babban ƙari wannan ba komai ba ne. A gefensa, kusa da hanji ko jijiyoyin ƙugu, shi ne komai. Yanzu ana gyara saiti bisa inda aka ga ɗumin.

Na biyu shi ne ƙarfi. Saurin hawan zafi a harbin gwaji yana nuna yawan sautin da ya iso da kuma yadda wannan ƙari ke shan sa. Saurin saukarsa kuma yana nuna yadda zafin ke bazuwa da yadda jini ke kwashe shi. Wannan awo na biyu yana da wata fa'ida da ba a lura da ita da farko ba: ba ya buƙatar a san ainihin digirin. Ko ma'aunin ya yi kuskure da kashi 20 cikin 100, lokacin da alamar ke ɗauka ta ragu zuwa rabi ba ya sauyawa. Ana zuba awon biyu cikin lissafin yaɗuwar zafi a jiki mai rai da Harry Pennes ya fitar a 1948, ya ba da ƙarfi da tsawon harbin da za su kai matattara tsakanin digiri 60 da 70, sama da iyakar mutuwa, ƙasa da tafasa.

An sami wasu irin ƙari da harbin gwaji ya ƙi ɗumama su yadda ya kamata, ɗan ɗumin ma ya ɓace nan da nan. Galibinsu su ne masu haske a wani nau'in hoton MRI, waɗanda dama an san suna da ruwa da jini da yawa kuma suna da wuyar ƙonawa. A da, a irin waɗannan ne ake ta ƙara ƙarfi har fata ta ji. Yanzu likitar mata na tsayar da aikin tun a nan, ta tattauna wata hanyar jinya da mai ciwon.

Tambaya ta uku, ta tsayawa, ba sikanin mai auna zafi ne ya amsa ta ba. Injiniya ya sa kan sikanin ya riƙa saurare kawai yayin harbi, ba tare da ya aika komai ba. Kumfa idan tana fashewa tana fitar da hayaniya mai cika kowane zango na sauti, wadda ta bambanta da tsabtataccen sautin faifan, kuma ana jin ta kafin farin ya bayyana a allo. Da ta wuce iyakar da aka sa, na'urar ta yanke harbi da kanta. Farin da a da ake jira a gani ya koma abin da ake gudu.

Kitse ma ya sami gurbi. Tun da alamarsa babba ce kuma ta juya baya, tana da sauƙin ganewa a saman hoto. Ba a mayar da ita digiri, ana dai duba girmanta a kowane harbi. Kitse ba shi da jini sosai, yana riƙe zafi, kuma kowane harbi ta cikinsa yake wucewa. Idan alamar ta yi girma fiye da yadda aka saba, ana tsawaita hutu tsakanin harbi, a bar ruwan sanyin da ke taɓa fata ya yi aikinsa.

Don tambaya ta huɗu an gwada awon taurin nama da sikanin, tun da dafaffen nama ya fi ɗanye tauri. Bai yi amfani ba a nan: ƙarin mahaifa dama tauri gare shi, kuma awon yana rauni idan zurfi ya yi yawa. Aka tsaya a kan allurar ƙananan kumfa masu bin jini, wadda ke haska duk inda jini ke gudana, ta bar mataccen wuri baƙi. Idan an ga saura, sai a jira kumfar ta fita daga jini kafin a sake harbi, domin harbi a kanta na tayar da irin hayaniyar da ake gudu.

Gyara ɗaya aka yi a wata na 15. An lura lissafin yana daidai a layin farko na ɗigon da ake ƙonawa, amma a layukan da ke biye ana jin kumfa da wuri. Dalilin shi ne dafaffen nama yana shan sauti fiye da ɗanye, ga kuma ɗumin layin baya bai gama sauka ba. Aka sa doka a fara daga can ciki a fito waje, don kada sauti ya bi ta mataccen wuri, a kuma maimaita harbin gwaji a farkon kowane sabon layi.

Zuwa wata na 18, hotunan MRI na bayan jinya sun fi dacewa da abin da aka shata kafin ta. Siffar nan ta gaban ƙari ya mutu, bayansa da rai, ta zama abin da ba kasafai ake gani ba, ƙunar fata ma haka. Zaman jinya ya ƙara tsawo saboda gwaje-gwaje da hutu, kuma yawan matan da ake mayarwa ga wata hanya ya ƙaru.

Hukunci

Burin da aka fara da shi, taswirar zafi daga digiri 37 har zuwa ƙarshen ƙuna, bai samu ba, kuma a ganina ba ƙarancin ƙwarewa ne ya hana ba. Inda gudun sauti ya daina sauyawa, bayanin babu shi a cikin lokacin dawowar amsa-kuwwa, ba wai yana ɓoye ne ana jiran manhaja mai wayo ta tono shi ba. Wannan iyaka tana rubuce tun kafin sashen ya fara, kuma nasarar jel ce ta sa aka yi mata kallon abin da za a iya kewayewa. Jel ba shi da kitse, ba ya numfashi, kuma ba a gwada ma'aunin sama da hawan digiri 10 a cikinsa ba. Da an sa yankan nama mai kitse a wata na 2, da taron wata na 12 ya zo da wuri.

Duk da haka ban ɗauki watannin tsakiya asara ba. Harbin gwaji ya tsaya ne a kan abubuwan da aka gina lokacin da ake bin burin da bai samu ba: ɗanyen sigina, shirun ɗaukar hoto, maganin motsi, da sanin halin kitse. Ya yi aiki ne domin yana zaune cikin iyakokin nan uku da aka sha wuya kafin a gano su.

Inda nake da ja shi ne yadda wasu a sashen suka fara kiran lambar da lissafin Pennes ke bayarwa da sunan zafin matattara. Hasashe ce daga ɗumin digiri 5 zuwa ƙunar digiri 65, ba awo ba. Idan wata jijiyar jini na kusa da wani ɗigo da ba a gwada ba, lissafin ba zai sani ba, sauraren kumfa kuma wuce gona da iri kawai yake kamawa, ba ya kama gazawa. Allurar haska jini ce ke kama ta, ita ma bayan an gama. Shi ya sa nake ganin dokar da likitar hoto ta dage a kanta ta dace a riƙe ta ko da amincewa da tsarin ta ƙaru: a bar rata marar ƙuna a gefen ƙari ta wajen hanji da jijiyoyin ƙugu, sannan mace mai kaurin kitsen ciki sosai, ko mai tabon tiyata a kan hanyar sauti, a tura ta inda ake yi ƙarƙashin MRI ko a yi mata wata jinyar daban.